Daren Kalangu a Dandali: Jagora ga Mai Shiryawa da Mai Halarta

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa mutanen ƙasar Hausa akwai wani lokaci a shekara wanda idan ya zo, bayan an sha wahalar huɗa da noman fari da maimai, an yanke gero an ɗaure dammuna an kai rumbu, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran ranar girbi, zukatan samari da 'yan mata sukan nemi inda za su sauke gajiyar damina, wurin nan kuwa shi ne dandali. A can ake gaɗa, a can ake takai, a can kalangu yake kiran kowa da takensa. To, da yake a yau yara da yawa sun tashi a birane, ba su ganin wannan sha'ani sai in biki ko hutun Salla ya kai su garin kakanninsu, wasu kuma suna da niyyar raya shi amma ba su san ta inda ake kamawa ba, ya kyautu a bayyana shi daki-daki. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, daren dandali abu ne mai tsari da shugabanci da haddi, kuma daɗinsa duka daga tsarin nan yake fitowa.

Zaɓen dare

Magabata ba su sa ranar wasa sai sun dubi sama, domin wata shi ne fitilar dandali. A daren 7 ga watan Musulunci rabinsa ne yake haske, kuma yakan faɗi wajen tsakar dare. A daren 14 yakan fito tare da faɗuwar rana, ya cika, ya kwana a sama har asuba. Daga nan kuma kowane dare yakan yi jinkirin fitowa da kimanin minti 50, ta yadda kafin a kai daren 20 ba a ganinsa sai wajen ƙarfe 11, lokacin da ya kamata a ce ana shirin tashi. Saboda haka dararen da suka fi dacewa su ne daga 8 zuwa 16 ga wata, mafificinsu kuwa na tsakiya. Ta fuskar shekara, a nemi tsakanin Oktoba da farkon Disamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, aljihun manomi ya yi nauyi, sanyin hunturu kuma bai riga ya kankama ba. In an dace da daren ranar kasuwar garin, to, ya fi, don mutanen ƙauyukan kewaye sun riga sun hallara.

Akwai kuma dararen da ake kauce wa. Ba a sa kalangu cikin watan Ramadan, wanda darensa na tarawihi ne da tafsiri, wasan da yara suka gada a cikinsa kuwa shi ne tashe. Haka nan ba a kiɗa a unguwar da ake zaman makoki, ko kusa da gidan da ake jinyar wanda ciwo ya tsananta masa, domin haƙƙin maƙwabci yana gaba da nishaɗin samari. A wuraren da rashin tsaro ya sa hukuma ta hana taron dare, sai a mai da wasan bayan la'asar a tashi kafin magariba. Ba abin da zai ragu sai hasken wata.

Izini da gyaran fili

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran kwanaki, sarkin samari da biyu ko uku daga cikin manyan abokansa za su je wurin mai unguwa ko dagaci, su cire takalma, su durƙusa, su ce: "Ranka ya daɗe, yaranka ne suke neman izini su ɗan yi wasa daren Asabar, in ka yarda." Za su faɗi dalilin wasan, ko murnar kaka ce ko ta aure, su faɗi makaɗan da za su kira da lokacin da za a tashi, su kuma ajiye goro. Abin da ya gindaya musu na sharaɗi, wannan ya zama wajibi a kansu. A jihohin da ke da hukumar Hisba, kamar Kano, hikima ce a nemi mai unguwa ya sanar da su tun da wuri, don kada a zo tsakiyar dare ana jayayya a kan abin da za a iya warwarewa da rana. Shugabar 'yan mata ita ma za ta bi gida-gida ta shaida wa iyaye mata, domin yarinyar da ta fito da sanin uwarta ta fi samun natsuwa a fili.

Ranar wasa da yamma a share dandali sarai, a tsince ƙaya da ƙarangiya da tsakuwa da fasassun kwalabe, saboda masu rawa da yawa sukan tuɓe takalma. Bayan magariba a yayyafa ruwa, yayyafi kaɗan wanda zai kwantar da ƙura ba tare da ya kawo santsi ba. A shimfiɗa tabarmi a gefe ɗaya domin dattawa da baƙi, a ware wa mata nasu ɓangaren, maza nasu, a bar fili mai faɗi a tsakiya, a kuma bar hanyar wucewa ga wanda ba wasan ya kawo shi ba. A ajiye randa ko tulun ruwan sha da moɗa. Fitilu, ko na ƙwai ko masu aiki da hasken rana, a rataye su a bakin da'ira inda duhu ya fi yawa; in kuwa za a ta da janareto, a kai shi nesa, don ƙararsa tana cinye muryar kalangu. Masu tallar rake da gyaɗa da ƙosai da mai tsire da mai shayi a jera su bayan 'yan kallo.

Makaɗa da kayansu

Wanda bai san abin da makaɗi yake yi ba, rabin daren ya wuce shi. Kalangu ana sassaƙa shi daga gungumen itace, galibi alilliba, a fafe cikinsa, a siranta tsakiyarsa, a rufe bakunansa biyu da fata marar kauri, sa'an nan a haɗa fatun da tsarkiyoyi masu yawa da suka bi tsawon jikinsa. Makaɗi yakan rataye shi a kafaɗa ya sa shi a hammata, ya buga da lanƙwasasshen icen kiɗa. In ya matse tsarkiya da damtse fata ta ɗaure murya ta hau, in ya sassauta murya ta sauko. Da yake harshen Hausa kansa yana tafiya ne da hawa da saukar murya, kalangu yana iya bin sawun magana har wanda kunnensa ya saba ya gane abin da ake faɗi. Asalinsa kiɗan mahauta ne, da shi ake sanar da gari cewa an yi yanka, daga baya ya zama abokin 'yan mata a dandali da abokin mawaƙa a gidan biki.

Ƙungiyar kiɗa takan ƙunshi babban makaɗi mai riƙe da uwar kalangu, wanda shi ne yake magana yake kuma sauya kiɗa, da masu ƙananan kaya irin su ɗan karɓi da kuntuku, waɗanda aikinsu su riƙe ma'aunin kiɗan kada ya karkace, da 'yan amshi, da sanƙira mai shelanta kyauta. A yi ciniki da su tun kafin ranar, a ba su wani abu na kafin alƙalami, a yi yarjejeniya a fili ko kuɗin da aka samu a wurin nasu ne duka ko za a raba da masu gayya, domin mafi yawan husumar da ake yi bayan wasa daga nan take tasowa. A tanadar musu abinci da goro da wurin kwana in daga nesa suke. A kuma hura 'yar wuta ta kara kusa da su, saboda raɓa da sanyin dare suna sanyaya fatar kayan da ba su da tsarkiyar matsawa, sai an gasa su a wuta muryarsu take dawowa.

Kada kowa ya raina wannan sana'a ko wannan fili. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, a wasannin samari na dandali irin su asauwara ya fara buɗe murya, da kalangu kuma ya yi waƙa tsawon rayuwarsa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Dandali makaranta ce ta fasaha, kuma mai halarta yana iya kasancewa gaban wani gwanin gobe bai sani ba.

Shirin mai halarta

Ka yi sallar isha'i tukuna, ka ci tuwonka, sa'an nan ka fita. Ka sa tufa mai tsabta wadda ba za ta harɗe ka ba. Babbar riga ta mai zama a tabarma ce, wanda ke da niyyar shiga fili kuwa 'yar shara ko kaftani ya ishe shi, da mayafi ko rigar sanyi domin ƙarshen dare. Mace ta ɗaura zane ɗauri mai ƙarfi, ta riƙe gyalen da za ta yi ɗamara da shi. Ka canji kuɗinka su zama ƙanana tun da rana, ka ware abin da ka yi niyyar bayarwa a aljihu ɗaya, ka bar saura a gida, domin kalangu ya iya zuga, kuma mutum yakan yi alkawari cikin zuga wanda zai yi nadamarsa da safe. Kada ka zo da wuƙa ko gora ko wani makami, kada kuma ka zo da abin da ke gusar da hankali a cikinka ko a aljihunka.

Idan baƙo ne kai, ka tuna cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ka nemi ɗan gari ya raka ka. Da isarka ka fara da tabarmar manya, ka rusuna ka ce: "Sannunku da hutawa, Baba," ka jira su amsa. Daga nan ka ɗaga wa makaɗa hannu ka ce: "Sarkin kiɗa, sannunku da aiki." Mai masaukinka zai gabatar da kai ga sarkin samari, shi kuma zai nuna maka inda za ka tsaya. Kada ka ratsa ta tsakiyar fili don gajarta hanya, ka kewaya ta bayan mutane.

Yadda daren yake gudana

Kafin makaɗa su kimtsa, ƙananan 'yan mata sukan buɗe dare da gaɗa, wadda ba ta bukatar komai sai tafi da murya. Sukan tsaya kamar rabin da'ira, zabiya tana bayarwa saura suna amsawa, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya, ta saki jiki ta faɗo, ƙawayenta su tare ta da hannuwa su cilla ta sama ta dira a kan ƙafafunta, wata kuma ta fito. Sharaɗin wannan wasa shi ne amana: masu tarewa ba su ɗauke ido, ba su janye hannu ko da wasa, domin wadda ta faɗo ta ba su bayanta ne ba tare da ta waiwaya ba.

Sa'an nan makaɗa su ɗaura. Sukan fara da taken mai gari, ko yana nan ko ba ya nan, su bi da na sarkin samari da na shugabar 'yan mata, su gai da manyan da ke zaune. Bayan gaisuwa sai kiɗan 'yan mata, inda suke kewayawa a jere, kafaɗa da ƙugu da tafin ƙafa duk suna bin kalangu, daga bisani a riƙa fitowa bibbiyu ko ɗai-ɗai. Idan aka juya kiɗa zuwa na samari, a garuruwan da suka gaji takai za ka ga an yi da'ira kowa da gajeriyar sanda a hannu. Ana takawa ana zagayawa, in bugun ya zo kowa ya juya ya haɗa sandarsa da ta wanda ke bayansa, a bugu na gaba ya juyo ya haɗa da ta wanda ke gabansa, har ƙarar sanduna ta zama wani kiɗa a kan kiɗa. Akwai rawa mai wannan suna da wannan siffa a ƙasar Dagomba ta arewacin Gana, inda suke yin ta da ƙananan sandunan ƙarfe. Wanda bai iya ƙirgen bugun ba ya tsaya ya kalli zagaye biyu ko uku tukuna, don kuskure ɗaya yana sa sanda ta sauka a yatsun wani.

Yadda ake shiga fili

Ba a faɗawa fili haka kawai. Ka saurari ƙaramin kiɗan da ba ya canzawa, na kuntuku, domin shi ne ma'aunin da ƙafarka za ta bi. Uwar kalangu tana yawo tana magana, wanda ya bi ta tun da fari zai ɓace. Ka fara motsa ƙafa a inda kake tsaye har jikinka ya ɗauka. In wanda ke ciki ya fita, ko sarkin samari ya yi maka alama, ko makaɗi ya matso gabanka yana kiɗa, to, lokacinka ya yi. Ka shiga da taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka fuskanci makaɗi, domin rawa zance ce tsakaninku: shi ya faɗa da kalangu, kai ka amsa da ƙafa. In ya ƙara wuta ka ƙara, in ya sassauta ka sassauta, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Gwanin makaɗi yakan lura da baƙo ya sauƙaƙa masa, saboda haka kada ka ji tsoro.

Kada ka daɗe. Minti biyu ko uku na rawa mai tsabta sun fi dogon tsalle-tsalle wanda zai gajiyar da makaɗa ya hana wasu shiga. In za ka fita, ka jira inda kiɗa ya kai gaɓa, ka tsaya cak tare da bugun ƙarshe, ka ɗan rusuna wa makaɗi, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, ka koma wurinka. In mata suka rangaɗa guɗa, kai aka yi wa. Ka karɓa da kunya, kada ta sa ka koma fili karo na biyu ba a kira ka ba.

Kyauta da ladubbanta

Makaɗi da kyautar fili yake ci da iyalinsa, don haka wanda ya sha kiɗa dare guda ya tafi bai ba da komai ba, alhali yana da hali, ya ci haƙƙi. Hanya mafi kyau ita ce ka miƙa wa sanƙira, ka gaya masa sunanka da na wanda kake yi dominsa, shi kuwa ya tsai da kiɗa ya ɗaga murya ya ce wane ɗan wane ya ba da kaza saboda wane, Allah ya saka da alheri. In an kaɗa takenka ko na gidanku, al'ada ta ɗora maka ka motsa ko da kaɗan ne. Game da liƙi, ya kamata a sani cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira da taka su a wurin biki, hukuncinsa kuwa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Saboda haka a sa faifai ko ƙwarya a gaban makaɗa, kowa ya ajiye nasa a ciki, ko ya danƙa hannu da hannu.

Abin da ya fi ɓata dare shi ne gasar kyauta tsakanin samari biyu masu neman yarinya ɗaya, wannan ya ba da ɗari biyar, wancan ya ninka, sanƙira yana ƙara musu wuta, har mutum ya ƙarar da kuɗin buhun geron da ya wahala wata huɗu kafin ya samu. Wannan israfi ne da riya, kuma sau da yawa da faɗa yake ƙarewa. Wajibin sarkin samari ne, da ya ga alamar haka, ya raɗa wa babban makaɗi ya juya kiɗa. Kazalika kada ka biya a yi wa wani zambo ko habaici. Kuɗinka zai ƙare a daren, gabar kuwa ta shekara.

Haddodin da ba a ƙetarewa

Malamanmu sun daɗe suna magana a kan kiɗa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya soki shagala da kaɗe-kaɗen banza a cikin Kitabul Farƙi. Wanda ya zaɓi ya nisanci dandali saboda tsantseni, a girmama shi, kada a yi masa gori. Wanda kuwa ya halarta, to, ya san cewa abubuwan da aka fi kuka da su sanannu ne: cakuɗuwar maza da mata, da tozarta salla, da batsa a waƙa, da keɓewa a duhu. Duk tsarin da aka ambata a sama an gina shi ne don toshe waɗannan ƙofofi. Namiji ba ya shiga layin mata, ba ya kama hannu ko gyalen kowa. Mai son magana da yarinya ya san ƙofar gidansu da zauren ubanta. Kada ka ɗauki hoton 'yar mutane da wayar hannu ba da izini ba, balle ka watsa shi a intanet, domin abin da aka yi a gaban iyaye da maƙwabta cikin mutunci yana iya zama abin kunya a idon wanda bai san wurin ba. In rigima ta taso, kada ka sa baki in kai baƙo ne. Makaɗa za su tsai da kiɗa, sarkin samari da dattawa su raba, mai laifi a fitar da shi.

Tashi da abin da ke biyo baya

Lokacin da aka yi wa mai unguwa alkawari, shi ne lokacin tashi, ko da wasa ya kai maƙurar daɗi, kuma bai kamata ya wuce tsakar dare ba, don a bar wa mutane barcin da zai tashe su sallar asuba. Ƙananan yara a sallame su tun da wuri. Makaɗa za su yi kiɗan sallama, sanƙira ya yi godiya ga mai gari da masu gayya, ya roƙi Allah ya kai kowa gida lafiya. 'Yan mata su tafi a ƙungiya, kowace unguwa da yayyensu maza ko wata dattijuwa, ba a watse ba sai an tabbata ba a bar kowa a baya ba. A kashe wutar makaɗa da ruwa, domin lokacin kaka ne, karan dawa da dammunan hatsi suna ko'ina.

Da safe a ƙirga abin da aka samu a gaban shaidu, a cika wa makaɗa haƙƙinsu kafin su kama hanya, a share dandali, a mai da tabarmin aro, sa'an nan a koma wurin mai unguwa a yi masa bangajiya, a ji ko akwai ƙorafin da ya iso gare shi, in akwai a gyara. Samarin da suka cika waɗannan ba su shan wahalar samun izini a wata mai zuwa. Ina kuma roƙon duk wanda Allah ya ɗora wa shugabancin samari ya riƙa jan ƙannensa a jiki cikin kowane mataki, tun daga gaisuwar neman izini har zuwa rabon kuɗin makaɗa, ya kuma nemi tsofaffin garin su koya wa yara taken gidajensu da amshin gaɗar da suka sani tun suna da ƙarfin yin haka, domin waɗannan abubuwa a ƙirjin mutane suke, kuma ta hanyar yi tare kaɗai ake gadonsu. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da yake mai kyau cikin al'adunmu, ya tsare mu daga ƙetare haddi, amin.